Ina Kwana, Mushe

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a bakin iyakar Jibiya ya san Rabe, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai sanƙon dole a tsakiyar ka, inda gammo ya cinye gashin tun yana saurayi, mai shuɗin baro da ya sha walda har ba a gane asalin ƙarfensa. Shekara talatin ke nan yana dako tsakanin shingen kwastan da tashar mota. Buhun gero, jarkar mai, kwalin taliya, katifar amarya, babu abin da bai hau kansa ba. Direbobin Maraɗi suna ce masa ɗan Jibiya, mutanen Jibiya suna ce masa ɗan Nijar, shi kuwa duk wanda ya kira shi amsawa yake yi, in dai da kaya a ƙasa.

Asalinsa wani ƙauye ne gaba da Maraɗi kaɗan. Cin rani ya zo yana ɗan shekara goma sha bakwai, da niyyar komawa gida da faɗuwar ruwan fari, ga shi har furfura ta kama gemunsa yana nan. Ba mai yawan magana ba ne, amma akwai zance guda da in ka kuskura ka taɓo masa, to ka nemi wurin zama. Zancen lakwal ke nan, wato makarantar boko a bakin mutanen can. Shekara uku kacal ya yi a ciki, sai gero ya ƙi damina biyu a jere, mahaifinsa ya zare shi ya tura shi kiwon awakin mutane. Amma in Rabe yana ba da labarin shekara ukun nan, sai ka rantse jami'a ya gama. Zai ba ka labarin Mushe Abdulƙadir, malaminsu mai keke da farar riga, wanda ya taɓa dafa kansa a gaban aji ya ce yaron nan zai yi nisa. Ai kuwa na yi nisa, Rabe yakan ce, tunda ga ni har wata ƙasa. Sai ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

A can hayin iyaka, mushe shi ne malamin boko. Daga bakin Faransawa aka aro kalmar, kuma ta girmamawa ce. Rabe ya san ɗaya mushen sarai, na tunkiyar da ta mutu ba a yanka ba, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari. Sai dai a kunnensa kalmomin biyu ba su taɓa haɗa hanya ba, kamar garin tuwo da garin Jibiya. Wa ya taɓa cewa a tuƙa masa Jibiya?

Ya auri Bilki 'yar Gangara, mai suyar awara a ƙofar gida. Shekara goma sha biyu suna zaune Allah bai ba su haihuwa ba, sai ga Na'ima. Yarinyar kamar ta zo ne ta biya duk shirun da gidan ya yi. Tun daga asuba take farawa. Ta yi wa kaji faɗa, ta tambayi masu sayen awara sunan garinsu, ta ba uwarta labarin abin da uwar da kanta ta gaya mata jiya. Bilki takan ce, "Ke, don Allah bari kunnena ya sha iska." Rabe kuwa in ya dawo da yamma ƙafafu sun yi nauyi, zama yake yi a kan tabarma ya bar ta ta yi ta zuba, bai taɓa gajiya ba. A ransa ya riga ya gama shawara: wannan bakin ba na bakin kasko ba ne, na gaban aji ne.

Ran da za ta fara aji ɗaya, shi da kansa ya ɗaure mata igiyar takalmi. Ya tsugunna gabanta a zaure ya riƙe kafaɗunta.

"Abu biyu zan hwaɗa maki. Na hwarko, in kin shiga, ki durƙusa ki ce, ina kwana, Mushe. Hwaɗa in ji."

"Ina kwana, Mushe."

"Madalla. Na biyu, duk abin da mushe ya ce maki, shi za ki yi. Ba gardama."

Ta ce ta ji. Ya raka ta har ƙofar makaranta, ya tura baronsa ya nufi shinge yana jin kansa kamar shi aka ɗauka.

Da ta dawo ya tambaye ta yaya lakwal, ta ce lafiya lau, ta wuce wajen kajinta. Bai kawo komai a ransa ba. A gida bakinta yana nan yadda yake, sai dai zancen makaranta ne ba ya shiga cikinsa ko da wasa. Sai da aka yi wata biyu hedimasta ya aiko a kira shi, ya tambaye shi ko yarinyar tana da matsalar kunne.

"Kunne? Ranka ya daɗe, ɗiyar da ke jin buɗe ledar alawa daga bayan katanga?"

"To ba ta magana, Malam Rabe. Ko sunanta aka kira, hannu take ɗagawa. Tana rubutu, rubutunta ma ya fi na saura kyau. Amma tun da ta zo babu wanda ya san kalar muryarta."

Rabe ya koma gida kansa a ɗaure. Ya lallashe ta, ta dubi babban yatsan ƙafarta. Ya yi faɗa, abin da bai saba ba, ta yi hawaye ba ta ce uffan ba. Maƙwabta suka ce iska ce, a nemi tofi. Aka yi tofin, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har kajin gidan suka ƙaurace wa ɗakin. Yarinya ta ci gaba da surutunta a gida, ta ci gaba da zama kamar dutse a aji. Zango na ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi.

A farkon zango na uku hedimasta ya sake kiransa, ya yi masa magana a fili. Ba za a iya wuce da yarinyar aji biyu ba alhali ba a taɓa jin ta karanta ko baƙi ɗaya ba. In har ƙarshen zango babu canji, shawararsa ita ce a gwada makarantar kurame a birni, ko a bar ta ta huta a gida. Bilki da ta ji, ta ajiye matsamin awara ta ce, "Malam, ni ɗiyata ba za ta tahi birni cikin kurame ba, tana da bakinta. In bokon ba rabonta ba ne, a bar mani ita. Ga Islamiyya nan, ga kasko." Rabe ya ce a bari zangon ya ƙare. Ya lissafa a ransa, shi shekara uku ya samu, ɗiyarsa ko ɗaya ba za ta cika ba.

A cikin satin nan ne wata mota ta sauke wani dogon kwali a tasha, da wata mata mai tabarau tana ta kewaya shi tana cewa a yi a hankali. Rabe bai iya karanta Turancin da ke jiki ba, amma ya san hoton kofin gilashi da kibiya mai duban sama, shekara talatin yana ganinsu. Ya shimfiɗa buhu a cikin baro, ya kwantar da kwalin kamar mai jego, ya tambayi inda za a kai. Matar ta ambaci makarantar su Na'ima.

Sunanta Malama Mufida, daga wata jami'a ta zo, tare da wata ƙungiya da ke gwada sabuwar hanyar koyarwa a 'yan makarantu. Rabe ya tsaya ganin buɗe kwalin, don ɗan dako ma yana son ya san abin da ya ɗauko. Sai ga wani mutum-mutumi fari, tsawonsa bai wuce na yaron da aka yaye bara ba, da manyan idanu masu haske da hannuwa biyu gajeru. Aka kafa masa faifan sola a kan rufin baranda. Da aka kunna shi ya juya kai, ya dubi mutanen da ke ofis ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama da Hausa tas irin ta gidan rediyo. Rabe ya amsa sallamar kafin ya tuna da wa yake magana, sannan ya ja da baya yana neman tsari a ransa.

Malama Mufida ta yi dariya ta ce kada ya ji tsoro, ba aljani ba ne, kuma ba ya zo ya karɓe aikin malamai ba ne. Zai zauna a aji ɗaya, yana karatu tare da yara. An gina shi ne ya riƙa tambaya. In ya ji kalmar da bai sani ba sai ya ce a koya masa, don yaro in ya koyar da wani, abin ya fi zama a kansa. Rabe ya gyaɗa kai don ladabi, amma a hanya ya yi tsaki. Malamin da yara za su koya wa karatu! Mushe Abdulƙadir bai taɓa tambayar kowa komai ba, sai dai ya tambaye ka abin da ya riga ya sani.

Yara suka raɗa masa suna Malam Ƙarfe, ko da yake rabin jikinsa roba ne. Bayan kwana kaɗan, suna cin tuwo, sai Na'ima ta ce, "Baba, ka san Malam Ƙarfe bai san hura ba? Wai fura ya sani. Sai da aka hwaɗa mashi duk ɗaya ne." Rabe ya tsaya da loma a hannu. Wata bakwai ke nan, yau ne karo na farko da makaranta ta fito daga bakinta. Ya tambaye ta ko ita ta gaya masa. Ta ce a'a, ta sunkuyar da kai. Ya ƙyale ta, amma ya lura kullum sai ta kawo labarin abin nan: yau ya yi kuskure, an yi masa dariya, shi ma ya yi dariya ya ce a sake faɗa masa. Abin da ya fi ɗaure mata kai ke nan, wai ana yi masa dariya bai damu ba.

Saura sati uku a yi jarrabawa, ranar wata Laraba da hantsi, Rabe yana tsakiyar sauke buhunan albasa aka zo aka ce ana nemansa a makaranta yanzu-yanzu, kan maganar ɗiyarsa da Malam Ƙarfe. Ya tuna hoton kofin gilashin nan. Shi ke nan, ta fasa musu abu, yau za a kore ta tun zangon bai ƙare ba. Ya bar albasar a rana ya tafi, ko gammo bai sauke daga kansa ba sai a ƙofar ofis.

Mutum uku ya tarar. Hedimasta, Malama Mufida da kwamfutarta a buɗe, sai wani saurayi siriri a gefe wanda ya kasa ɗaga ido. Shi ne Malam Zunnuraini, malamin aji ɗaya, mutumin wajen Kano, wanda aka turo Jibiya a farkon shekarar. Malam Ƙarfe yana kan tebur idanunsa a kashe, amma lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Hedimasta ya ba shi kujera, ya yi masa bayani. Shekaranjiya da safe, da Malam Zunnuraini ya shiga aji, sai mutum-mutumin ya juyo ya ce masa, "Ina kwana, Mushe Zunnuraini." Aji ya kwashe da dariya. Malam ya kashe shi, ya kawo ƙara cewa wani ya koya wa na'urar zagi. Aka kira Malama Mufida ta bincika, ta gano inda ya samo kalmar.

"Muryar 'yarka ce, Baba," in ji Malama Mufida. "Ba na kunna maganar yaro a gaban mutane sai da izinin iyayensa. Kuma akwai abin da ta roƙa a ciki wanda ya shafe ka. Na yi ta juya abin a raina, na ga ya fi kyau ka ji."

Rabe bai gane komai ba sai kalma ɗaya. "Muryarta? A nan lakwal?"

Ta ce ƙwarai. Ya ce a kunna.

Da farko hayaniyar yara ce daga nesa, alamar an fita tara, ajin ba kowa. Sai wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, wadda Rabe zai gane ko a tsakiyar kasuwar Lahadi.

"Ina kwana, Mushe."

"Lafiya lau. Wa ke magana da ni?"

"Na'ima."

"Sannu, Na'ima. Kin kira ni mushe. Abin da na sani, mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Ni ba dabba ba ne, kuma cajina bai ƙare ba. Ko kalmar tana da wata ma'ana da ban sani ba?"

Sannan ta ce, "Ba ka yi hushi ba?"

"A'a. Tambaya nake yi. Koya mini."

"Mushe shi ne malam. A lakwal."

"Na gode, yau na ƙaru. Me ya sa ban taɓa jin muryarki ba sai yau?"

"Malam ya ce kar ya ƙara jin bakina a aji. Yanzu ba shi nan."

"Wa ya koya miki kalmar?"

"Babana. Amma kar ka hwaɗa mashi an yi mani dariya. Shi bai san zagi ba ne. In ya ji, kunya zai ji."

"Abin da na ji, malamai suna iya ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ban ga zagi a nan ba. Kalma ce mai ma'ana biyu, ke kin san duka biyun, ni ɗaya na sani."

Malama Mufida ta tsayar da shi. Rabe yana zaune da gammo a kan cinya, yana murza shi da hannu biyu. Wata shida yana neman wanda ya rufe wa ɗiyarsa baki, ya zargi iska, ya zargi maƙiya, ashe shi ne ya tsugunna a zaure ya ɗaura mata abin da hannunsa. Ya ba ta kalmar, ya kuma ce kada ta yi gardama. Ita kuwa, 'yar shekara bakwai, ta ɗauki kayan duka biyu ta yi ta tafiya da su ba ta sauke ba, don kada ubanta ya ji kunya. Shi da ya san nauyin kaya, ya san wannan ya fi ƙarfin wuyanta. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Malam Zunnuraini ne ya fara magana. Ya ce ranar da Na'ima ta fara aji ɗaya, shi ma ranarsa ta farko ce a gaban aji. Yara saba'in, ga shi baƙo, gabansa sai faɗuwa yake yi. Yana shiga sai yarinya ta durƙusa ta kira shi mushe, aji ya ɗauki dariya, wasu har da toshe hanci. Ya ɗauka manyan yara ne suka turo ta su gwada shi. Ya buga sanda a tebur ya ce kar ya ƙara jin bakinta a ajin nan. Kafin a tashi ya manta ya faɗa. Bai taɓa haɗa shirunta da maganarsa ba, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa sunan da aka kira shi.

Hedimasta, wanda haifaffen Jibiya ne, ya girgiza kai. "Malam, da ka faɗa mini kalmar tun ranar, ai da ko mai gadi ya warware maka. Rabin iyayen yaran nan haka suke cewa."

Saurayin ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban Rabe. "Baba, ka yafe mini. Na cuci yarinyar nan ban sani ba."

Rabe ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Bai saba ganin malami a ƙasa ba, abin ya yi masa nauyi. Ya ce, "Tashi, Malam. Ni da kai duk kuskure ɗaya muka yi, kowa da rabinshi. Roƙona guda, kar a hwaɗa mata na ji. Ta ɓoye don ni, a bar mata abinta." Ya ɗan yi tunani, sannan ya tambaya ko za a yarda gobe da safe ya shigo ajin. Ya faɗi abin da yake son yi. Malam Zunnuraini ya ce ya yarda, har ya ƙara da nasa.

Washegari Rabe ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Alhamis, har Bilki tana tambayarsa ko ɗaurin aure za shi. Ya riƙe hannun Na'ima, amma maimakon ya tsaya a ƙofar makaranta yadda ya saba, sai ya wuce da ita har cikin aji. Ya ji hannunta ya yi sanyi cikin nasa. Yara saba'in suka zuba masa ido. Malam Zunnuraini yana tsaye gaban allo, Malam Ƙarfe yana kan teburinsa idanu a kunne.

Rabe ya cire hula, sanƙon gammo ya bayyana. Ya durƙusa, dattijo mai furfura, gaban saurayin da bai kai rabin shekarunsa ba, ya ɗaga murya yadda na bayan aji za su ji.

"Ina kwana, Mushe."

Na'ima ta runtse ido. Wasu yara biyu suka fara ƙyalƙyalewa.

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?" in ji Malam Zunnuraini, ya ba shi hannu biyu. Sannan ya juya wajen yara. Ya ce a Maraɗi da duk ƙasar Nijar, mushe shi ne malami, kuma shi bai sani ba sai jiya. Ya tambaya ko akwai wanda aka taɓa faɗin haka a gidansu. Hannu ya fara tashi ɗaya-ɗaya, har sun fi ashirin, ciki har da na masu dariyar. Ya ce to shi an taɓa gaishe shi da wannan gaisuwa ta girma, ya mayar da faɗa, don jahilcinsa. Ya tako har inda yarinyar take tsaye.

"Na'ima, ranar nan na ce kar in ƙara jin bakinki. Ban yi daidai ba. Na janye maganata. Ina son in ji bakinki, yau da kullum."

Ta dubi malamin, ta dubi ubanta, ta koma kan babban yatsan ƙafarta. Wata takwas ba wasa ba ne, wataƙila ƙofar ta riga ta yi tsatsa.

Sai Malam Ƙarfe ya juyo da kansa, ya ɗaga ɗan gajeren hannunsa kamar ɗalibi. "Malam, ina da tambaya. An koya mini mushe, amma an ce a lakwal. Ban san lakwal ba. Wa zai koya mini?"

Hannuwa suka tashi, ana ni, ni. Malam Zunnuraini bai kira kowa ba. Ya jira.

"Makaranta," in ji Na'ima, can ƙasa.

"Ban ji sosai ba," in ji Malam Ƙarfe.

"Lakwal ita ce makaranta! Babana ya yi ta shekara uku. Mushensu yana da keke."

Daga nan kuma sai Allah. Ta ba shi labarin keken, da farar rigar, da awakin da ubanta ya yi kiwo, duk abin da Rabe yake zaton ba ta saurara in yana faɗa. Shi dai ya lallaɓa ya fita. Ya isa wajen baronsa ya kama hannuwan, mutumin da ke ɗaukar buhu biyu a ka, ya kasa ɗaga baro wanda ba komai a ciki. Ya zauna a bakinsa yana ta alhamdu lillahi har numfashinsa ya dawo.

Na'ima ta karanta shafi guda cif a gaban hedimasta ranar jarrabawa, ta wuce aji biyu. Maganar birni da ta kasko ba a sake tayar da ita ba.

Godiya ce ta zame wa Rabe aiki. Malam Zunnuraini mai sauƙi ne, Bilki tana aika masa awara mai zafi, kuma yanzu duk garin Mushe ake ce masa, yana amsawa da fara'a. Malama Mufida ya kai mata goro, ta karɓa don kada ya ji ba daɗi. Amma shi wancan fa? Rabe ya san ba mutum ba ne. An gaya masa ba ya jin daɗi, ba ya jin zafi, tambayar ma haka aka gina shi ya yi. Ya ce ya ji, amma shi dai ya san manya nawa ne suka kewaye yarinyar nan wata takwas, har da shi uban, babu wanda ya ce mata koya mini. Ya tambayi Malama Mufida abin da Malam Ƙarfe yake ci. Ta yi dariya ta nuna masa faifan da ke kan rufin baranda, ta ce abincinsa rana ne, sai dai ƙurar manyan motoci tana rufe faifan ya kasa ƙoshi.

Tun daga ranar, kafin ya wuce shinge, Rabe yakan tsaya a makaranta. Ya kife baro a gindin baranda, ya taka, ya ciro wani tsumma mai tsabta da Bilki ta yanko masa daga tsohon zanenta, ya goge faifan kusurwa zuwa kusurwa. Ba wanda ya sa shi. Abokan dakonsa suna tsokanarsa, wai Rabe ya samu ubangida na roba. Yakan ce eh, kuma bai taɓa yi masa tsawa ba.

Ba ya gaggawar saukowa, don daga kan baron ana jin aji biyu ta taga, kuma da Malam Zunnuraini da Malam Ƙarfe aka wuce da su. Wata safiya yana cikin gugar sai ya ji muryar da ya sani tana ta zuba, tana gyara wa wata yarinya karatu, tana ba Malam Ƙarfe labarin kazarsu da ta yi ƙyanƙyasa, duk a numfashi ɗaya. Sai muryar malamin ta katse ta, muryar mutumin da aka kai bango.

"Na'ima, don Allah yi mana shiru."

Hannun Rabe ya tsaya cak a kan faifan. Ajin ma ya yi tsit.

"Na minti biyar," malamin ya ƙara da sauri. "Minti biyar kawai nake nufi, kin ji ko? Daga nan ki ci gaba."

"To, Mushe," in ji Na'ima.

Ko minti biyu ba ta cika ba.